An Gyara Kafireta, Mota Na Ta Baƙin Hayaƙi: Daga Ina Za a Fara?

A lokacin da nake horon SIWES ne Kawuna ya sa aka turo tsohuwar Bitil ɗinsa daga bayan gida zuwa garejinmu. Motar ta shekara huɗu a ajiye, har kaji sun mai da ƙarƙashinta gida. Aka sayo kayan gyaran kafireta, irin na leda ɗin nan mai zuwa da gaskit da allura da 'yan robobi, aka haɗa da sabon famfon mai. Oga ya dube ni ya ce, "To injiniya, ga aikinka." Na kwance ta, na wanke, na hure ko'ina, na mayar da komai wurinsa, sai ƙyalli take. Bugu ɗaya ta tashi. Amma kafin minti biyar baƙin hayaƙi ya turnuƙe garejin, ido sai yaji, har mai shayin maƙwabtanmu ya leƙo yana tambaya ko taya muke ƙonawa.

Na yi abin da kusan kowa ke yi, na zari sukundireba na nufi sukurun saiti. Kwana biyu ina murɗawa ciki, ina murɗawa waje, ba abin da ya sake sai fetur ɗin Kawu da ke ta tafiya. Oga yana gani bai ce uffan ba. Sai a rana ta uku ya ce, "Kai, wannan ɗan sukurun nawa yake iya zubawa? Je ka nemo inda man yake shigowa."

Darasin ke nan da nake so mu bi tare. Ko ba ka taɓa shiga Bitil ba zai yi maka amfani, domin babur ɗinka da janaretan ɗakinku da injin ban-ruwa duk kafireta gare su, kuma ciwonsu iri ɗaya ne.

Me ake nufi da mai ya yi yawa?

Inji ba fetur zalla yake ƙonawa ba, haɗi ne na iska da fetur. Idan ana son fetur ya ƙone ƙurmus, kowane kilo 1 nasa yana buƙatar kilo 14.7 na iska. Idan ka mai da lissafin zuwa lita, lita ɗaya ta fetur tana neman iska wajen lita 9,000. Ka ga ashe inji mashayin iska ne, fetur ɗan mahaɗi ne kawai. In iskar ta gaza ko man ya zarce, haɗin ya yi kauri ke nan, kamar kunun da aka cika wa gari. In man ne ya gaza, haɗin ya tsinke. Inji mai sanyi yana son ɗan kauri, haka ma lokacin da aka taka totur ana neman ƙarfi, inda ake sauka wajen 12.5 ko 13. Abin da muke magana a kai shi ne kaurin da ya wuce haka, wanda ragowar man ke fita ta salansa a matsayin baƙin hayaƙi.

Ita kafireta, a yawancin aikinta, ba famfo ne ke tura mai cikin iska ba. Iskar da fistin ke zuƙa tana bi ta wani maƙogwaro da aka tsuke, sai gudunta ya ƙaru, matsinta ya ragu, wato ƙa'idar Bernoulli da muke haddacewa don jarrabawa. Wannan raguwar matsin ce ke tsotso mai daga wani ɗan kofi da ke jikin kafiretar, ta cikin ƙananan ramukan da ake kira jet. A kan injin Kawu, mai 1600, akwai Solex 34 PICT-3. Lambar 34 faɗin bakinta ne na ƙasa a milimita, maƙogwaron kuma 26 ne. Irin wannan mota an yi ta harhaɗa ta a Legas tun daga 1975, shi ya sa har yau ba a rasa ta a bayan gidajen dattawa.

Daga wannan bayani kaɗai za ka iya ƙirga hanyoyin da haɗi zai yi kauri: ko dai an toshe wa iska hanya, ko man da ke cikin kofin ya hau sama da ƙa'ida, ko ramin da yake bi ya yi faɗi. Sukurun saiti yana can ƙarshen layi, kuma silo kaɗai yake taɓawa, wato lokacin da inji ke aiki ba a taka totur ba.

Ka tabbata tukuna laifin kafiretar ne

Kafin ka ɗora mata laifi, kwance fulogi duka huɗun ka jera su yadda suke a inji. Idan bakinsu ya yi baƙi busasshe, mai kama da kunkunniyar fitila, kana shafawa yana bin yatsa, to alamar mai ne. Idan baƙin mai danƙo ne da maiƙo, wannan baƙin mai ne ke haurowa, kuma hayaƙin zai fi karkata zuwa shuɗi. Wannan ciwon ringi ne ko bawul, ko ka shekara kana wanke kafireta ba zai warke ba.

Ga wata dabara da na so ƙwarai. Kafireta ɗaya ce ke ciyar da silinda huɗu. In ita ce mai laifi, duka huɗun za su yi baƙi. In ɗaya ne kawai ya yi baƙi sauran suna lafiya, nemi wayar fulogin nan ko shi fulogin kansa ko bawul ɗin silindar.

Sannan wuta mai rauni tana kwaikwayon yawan mai, domin man da bai samu tartsatsi mai kyau ba shi ma ba ya ƙonewa. Don haka a Bitil ana fara saita bawul inji na sanyi, tazarar milimita 0.15, a duba kwantak ya zauna a 0.4, a daidaita taymin gwargwadon irin distiributar da ke kan motar. Mu mun yi wannan duka, fulogi huɗu kuwa baƙi ƙirin, busassu. Laifi ya tabbata a ɓangaren mai.

Sai ka lura da lokacin da hayaƙin yake fitowa, domin shi zai nuna maka ƙofa. A silo kaɗai ne? Da an taka ne? Ko kuwa ba dare ba rana? Tamu ba ta zaɓe, a silo hayaƙi, a guje hayaƙi. Abin da ke ɓata kowane mataki haka ba zai zama ɗan sukuru ɗaya ba.

Iska da cok

Mafi sauƙi shi ne cire matatar iska a tayar da inji na ɗan lokaci. In hayaƙin ya ragu, ka kama ɓarawonka. Matatar tsohuwar Bitil mai wankan baƙin mai ce, ƙura tana taruwa a gindinta ta zama laka, musamman bayan hunturu, wani kuma ya cika mata mai ya wuce layi. Tamu na riga na wanke ta, don haka muka wuce.

Cok kuwa wani faifai ne a saman bakin kafireta da ke rufe iska da gangan don inji mai sanyi ya samu kauri ya tashi. A wannan kafiretar da kansa yake buɗewa. Akwai wani naɗaɗɗen ƙarfe a cikin murfin da ke gefe, wanda aka yi da ƙarafa biyu masu bambancin miƙewa in sun ji zafi. Wutar batir da ke zuwa daga kwayil tana ɗumama shi, shi kuma yana warwarewa a hankali yana buɗe faifan. Cikin 'yan mintoci ya kamata faifan ya miƙe tsaye cak.

Na leƙa bayan inji ya yi zafi, sai na tarar da shi a kishingiɗe, rabi a rufe. Dalili? Wayar da ke kai masa wuta tana nan tana lilo, ni na cire ta ranar kwancewa ban mayar ba. Kunya ta kama ni. Wani kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne a mayar da murfin ba tare da ƙugiyar naɗaɗɗen ƙarfen ta kama hannun faifan ba, ko a juya murfin ya yi tsauri da yawa kafin a ɗaure sukurori ukun da ke riƙe da shi. Gwajin ba wuya: inji na sanyi, ka taɓa totur sau ɗaya, faifan ya rufe a hankali ba da ƙarfi ba. Ka kunna makulli, bayan ɗan lokaci murfin ya yi ɗumi a hannu. Da yawan kanikawanmu sukan ɗaure cok a buɗe su huta, suna cewa ƙasarmu ƙasar zafi ce. Ni dai ban goyi bayan haka ba, duk wanda ya taɓa tayar da mota da asubahin Janairu a Zariya ko Jos ya san amfaninsa.

Na mayar da waya, faifai ya buɗe, hayaƙi ya ragu sosai. Na fara murna. Oga ya ce, "Kashe ta, ka ɗauko madubi."

Tsayin mai a cikin kofi

Nan ne zan daɗe, domin nan ne yawancin kafiretocin da aka gyara suke faɗuwa.

Ka san tankin ruwan da ke saman ɗakunan kwananmu, mai ƙwallo a ciki? Ruwa na hawa, ƙwallo na hawa, har ya toshe bakin famfo. In ƙwallon ya fashe ko bakin ya ƙi rufuwa, sai ka ga ruwa na kwarara ta bango. Kofin kafireta haka yake. Ƙwallon shi ne fulot, bakin famfon kuma ita ce allura da mazauninta. An tsara man ya tsaya ƙasa kaɗan da bakin bututun da ke fesa shi cikin maƙogwaro, yadda sai iska ta tsotso shi zai fito. In ya hau ko da 'yan milimita ne, tsotso kaɗan zai jawo mai da yawa. In ya ƙara hawa, sai ya riƙa zuba da kansa. Shi ne kanikawa ke cewa kafireta tana obafulo.

Yadda ake gani: a kashe inji bayan ya yi zafi, a riƙe madubi a saman bakin kafireta a haska da tocila. Kada ka kuskura ka kifa fuskarka a bakin kafireta inji na aiki, in ta yi atishawa wuta ce ke fitowa, ba gira ba gashin baki. A madubin na ga mai yana ɗiga, ɗis, ɗis, yana sauka kan faifan totur, alhali inji a kashe.

Muka cire murfin sama. Abin farko fulot. Na ciro shi na girgiza kusa da kunne, in ya huje za ka ji mai na motsi a ciki. Wani kuma ba ya hujewa, shan mai yake a hankali ya yi nauyi, don haka in akwai ƙaramin sikeli a auna, na wannan kafiretar giram 8.5 ne. Namu lafiya lau. Sai ɗan lanƙwasasshen abin da ke danne ƙusar fulot ɗin. Bayansa ya kamata ya jingina da bangon kofi. In ka juya shi, zai tokare fulot ya hana shi kaiwa sama, allura kuma ba za ta taɓa rufewa ba. Abu ne ɗan mitsitsi, ana mayar da shi cikin daƙiƙa biyu, ya kuma hana mutum barci sati guda.

Sai allura. Ka kife murfin, ka bar nauyin yatsa kaɗan a kanta, ka hura ta inda mai ke shigowa. In iska ta wuce, ba ta rufewa. Sabuwa ce ba ya nufin lafiyayya ce. Ƙwayar tsatsa ɗaya daga tankin da ya shekara huɗu a ajiye ta isa ta maƙale a bakinta, shi ya sa wanke kafireta ba tare da duba tanki da sa matatar mai ba aikin baban giwa ne. Ƙarƙashin allurar kuma akwai washa, kuma ba don hana yoyo kaɗai aka sa ta ba. Kaurinta ne ke saita tsayin mai: mai kauri tana sauko da allurar, fulot ya same ta da wuri, mai ya tsaya ƙasa. Siririya kuwa, ko rashinta gaba ɗaya, tana barin mai ya hau. Littafin gyaran wannan kafiretar ya ce milimita 0.5. Kayan gyara na leda sukan zo da washa fiye da ɗaya saboda an haɗa su don kafireta iri-iri, mutum ya ɗauki wadda hannunsa ya fara kaiwa. Ka auna da baniya, minti ɗaya ne.

Duk waɗannan muka bi, ba mu samu laifi ba. Fulot lafiya, allura na rufewa, washa daidai. Amma mai na ɗiga. Na tsaya ina susar ƙeya.

Oga ya ce, "Me kuma ka canja ranar nan ban da kafireta?"

Na ce, "Famfon mai, Oga."

Ya ce, "To."

Allura ba ta da wani ƙarfi nata. Ɗan tashin da fulot ke yi a kan mai shi kaɗai ke danne ta. In famfo ya turo da matsin da ya fi ƙarfin wannan dannawa, sai ya bankaɗe ta ya shige, ko da komai na cikin kofin sabo ne. Kafiretar Bitil tana son matsi wajen psi 3, kada ya wuce 3.5. Muka aro geji muka haɗa tsakanin famfo da kafireta, allurarsa ta haye 5 ta wuce.

Famfon Bitil wani sandan ƙarfe ne ke tura shi daga cikin inji, kuma sandan iri biyu ne: mai tsawon milimita 108, da mai 100 wanda ke tafiya da gajeren famfon da aka yi don injuna masu altaneta. In aka haɗa dogon sanda da famfon gajere, matsi zai yi sama, har famfon ma yana iya lalacewa. Namu sandan daidai yake da famfonsa, sabon famfon ne kawai ya zo da ƙarfi. Maganinsa mai arha ne: ana ƙara gaskit a ƙarƙashin famfo, kowane ɗaya yana ɗaga shi kaɗan ya rage tafiyar sandan. Muka riƙa ƙarawa ɗaya-ɗaya muna aunawa har geji ya zauna kusa da 3. Ɗigar ta tsaya.

Abin da ya fi ƙona mini rai, da na canja abu ɗaya na gwada kafin in canja na biyu, da tun ranar farko na gane. Na canja biyu a tare, na kuma ɗora laifin duka a kan wanda na fi taɓawa.

Jet-jet

Tunda kafiretar na buɗe, Oga ya sa na ciro jet in karanta lambobinsu. Babban jet yana gindin kofi, ana isa gare shi ta wani noti a gefe, kuma a irin wannan kafiretar yawanci 127.5 ne ko 130. Na silo 55. Lambar kusan faɗin ramin ce, in ka raba ta da 100 ka samu milimita. Sai dai lambar da ke rubuce ba ta rantse maka cewa ramin na nan yadda aka yi shi ba. Akwai masu zura wayar burki ko allurar ɗinki su sosa jet wai suna wankewa, tagulla kuwa ba ta da tauri. Yi lissafin da kanka: ramin da ya tashi daga 1.275 ya koma 1.40, a ido ba za ka ga bambanci ba, amma tunda fili yana tafiya da faɗi sau faɗi, ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100. Iska da man wanki kaɗai ake sa wa jet.

Akwai kuma jet na iska a sama, wanda ke shigar da iska cikin man kafin ya fita, don kada haɗi ya yi ta ƙara kauri yayin da inji ke ƙara gudu. In ya toshe, mota za ta yi lafiya a silo, ta yi hayaƙi a kan titi. Ka kuma tabbata kowane jet ya ɗauru, wanda ya yi sako-sako mai na bi ta gefensa.

Wani abu da ba a cika kawowa a rai ba shi ne tudu. Jos tana sama da teku da wajen mita 1,200, iskar can ta fi ta Legas sauƙi da fiye da kashi 10 cikin 100. Kafireta ba ta san wannan ba, yawan iska take ji, ba nauyinta ba. Motar da aka saita a bakin teku in ta koma zama a kan tudu za ta ɗan yi kauri, wani lokaci sai an sauko da babban jet mataki ɗaya.

Yanzu ne lokacin sukundireba

Sai da aka gama duk wannan Oga ya miƙo mini sukundirebar da ya ɓoye. A 34 PICT-3 sukurori biyu ne a gefen hagu, babba na saita gudun silo, ƙarami na saita yawan man silo. Akwai na uku a hannun totur, wanda mutane ke murɗawa don ɗaga silo, kuma kuskure ne. Shi ana saita shi sau ɗaya: cok a buɗe, a warware shi har ya rabu da matakin ƙarshe, a mayar har ya taɓa, a ƙara kwata na zagaye, a ƙyale shi. In ka buɗe faifan totur da shi, za ka tona wasu ƙananan ramuka da bai kamata su yi aiki a silo ba, su ma su fara zubo mai.

Ƙaramin sukurun a murɗa shi ciki a hankali har ya taɓa, ban da matsewa domin bakinsa siriri ne, sannan a dawo da shi zagaye biyu da rabi. A tayar da inji ya yi zafi, a kawo silo wajen 850 a minti da babban sukuru. A koma kan ƙaramin ana juyawa kaɗan-kaɗan har a sami inda inji ya fi sauri, sai a mayar da shi ciki kaɗan har gudun ya ɗan sauka, a sake daidaita silo da babban. In ka murɗa ƙaramin har ƙarshe inji bai ko girgiza ba, kamar yadda tawa ta yi mini kwana biyu, yana gaya maka ne cewa mai na shigowa ta wata ƙofar. A yi wannan aiki a fili, domin hayaƙin inji mai kauri cike yake da iskar kabon monoksaid, irin wadda ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki.

Kafin mu ba da motar, Oga ya zaro gejin baƙin mai ya kai mini hanci. Warin fetur, kuma man ya haura layi ya tsinke kamar ruwa. Man da bai ƙone ba yana wanke jikin silinda ya gangara ƙasa, in aka bar shi haka ringi da beyarin ne za su biya. Muka juye shi muka zuba sabo. Muka kuma ɗaure bakin tiyon mai da kilif, muka jijjiga ɗan bututun tagullar da yake shiga kafireta don mu ji ko ya yi sako-sako, domin a Bitil in ya zare, fetur kan distiributa yake zuba, kuma ta nan gobara ta ci da yawansu.

Muka sa fulogi wankakku, na ja ta zuwa bayan gari na dawo. Da na kwance na farko, bakinsa ya fito ruwan ƙasa-ƙasa, kalar shayi da madara. Kawu ya zo da yamma, ya zagaya bayan motar, ya sunkuya ya shinshina salansa, ya ce, "Kai, nawa ne kuɗin fetur ɗin da ka ƙona mini?" Na ce, "Kawu, a sa a lissafin kuɗin makaranta."